Yadda Na Kai Garin Maganin Goggo Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A ofis ana tambaya, a masallacin layinmu na Daɗin Kowa ana tambaya, har mai facin taya da ke bakin titi ya tare ni ya ce, "Oga, an ce ka gano magani a Gana." Kowa ina yanko masa guntun labari daidai da kunyarsa da nake ji. Da na ga guntayen sun fara haɗuwa suna ƙaryata juna, sai na ce gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, haifaffen unguwar Gangare. Ina koyar da yadda jikin ɗan Adam ke aiki a wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Jos. Akwai darasi ɗaya da na yi suna a kansa, har ɗalibai suna kirana Malam G a bayan idona, kuma shi ne ya kai ni Gana.

Darasin a taƙaice shi ne wannan. Jijiyoyin jiki suna aika saƙo ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da ake kira niyurofeftayid. Akwai mai ɗauke da saƙon ciwo, akwai na yunwa, akwai na farkawa daga barci. Ɗan saƙon nan ba ya iya ratsa fatar ƙwayar halittar da aka aike shi gare ta. Sai ya tsaya a waje ya manne wa wani makarɓi da ke dashe a fatar, wanda ya ratsa ta sau bakwai kamar ɗinkin hannu, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. Da ɗan saƙon ya manne, makarɓin sai ya murɗa jikinsa. Daga ciki kuwa akwai wani furotin mai suna G zaune a gindinsa, riƙe da wani sinadari, GDP. Murɗawar nan ce ke sa ya saki GDP ya ɗauki GTP, ya rabu gida biyu, kowane ɓangare ya tafi ya tayar da na gaba. Wani irin furotin G yakan sa a buɗe rumbun kalsiyam da ke cikin ƙwayar, wani yakan zuga ta, wani ya kwantar da ita. Bayan ɗan lokaci furotin ɗin da kansa yake mai da GTP ɗinsa GDP, ya koma mazauninsa, magana ta ƙare.

Shekara da shekaru ina zana wannan a allo da alli kala uku, ban taɓa yin tuntuɓe ba. Abin da ɗalibaina ba su sani ba shi ne, ban taɓa ganin ƙwayar halitta mai rai tana yin haka ba ko sau ɗaya. A littafi na gani, na haddace, nake rerawa.

Sai aka fito da sanarwar wani horo na mako biyu a Kumasi, inda za a koya wa malamai yadda ake auna aikin makarɓan nan a ƙwayoyi masu rai, kuma kowa zai iya kawo abin da yake so a gwada. Nan take na tuna da Goggo Delu, ƙanwar mahaifina, wadda har yanzu take zaune a gidanmu na gado a Gangare. Tana haɗa wani garin saiwoyi da ɓawon itace da ta gada wurin mahaifiyarta, na ciwon kai da ciwon gwiwa, mata na zuwa nema tun daga Kuru. Na rubuta wa masu horon cewa ina da maganin gargajiya da ke da "ƙwararan alamu" na toshe makarɓin wani ɗan saƙon ciwo da ake kira Sinadarin P. Ƙwararan alamun nan guda biyu ne: na taɓa sha kaina ya daina ciwo, kuma Goggo ta ce yana yi. Suka ɗauke ni, tare da Mista Gyang, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, dattijo a cocinsu, mutum mai ƙarancin magana.

Ranar da na je sallama, Goggo ta cika mini gwangwanin madara da garin, ta ɗaure shi a leda biyu.

"Kakanka da ƙafa ya je Gwanja, can ƙasar Gana, ya dawo da goro," in ji ta. "Kai da mota za ka. Ka dawo mini da gaskiyar abin nan, Sabi'u. In na amfani ne a sani. In kuwa akwai cuta a ciki ka faɗa mini, kada in je lahira da hakkin mutane a wuyana."

Na ce, "In sha Allahu, Goggo." Amma gaskiya rabin maganar na farko kawai na ji. A raina na riga na fara tunanin rigar da zan saka ranar da za a ɗauki hotona.

Da a jirgi za mu tafi. Na ce wa Gyang ai malami ya kamata ya ga ƙasa da idonsa, mu bi hanya. Ya dube ni ya ce, "Malam, in tsoron jirgi ne ka faɗa, ni ma ban taɓa shiga ba." Ban faɗa ba. Muka bi hanya.

Mun bar Jos da sanyin safiya, ina sanye da suwaita biyu da hular sanyi. Muna gangara Hawan Kibo na cire ɗaya, kafin Akwanga na cire ta biyu, a Lokoja kuwa da hali da na cire fatata. Sauran suwaitu huɗu da uwargida ta jera mini a jaka haka na yi ta jigilarsu har ƙasa huɗu, ba su ga rana ba. Muka kwana a Legas, washegari muka shiga wata doguwar mota mai zuwa Akra.

Iyaka uku ake tsallakawa, kuma a kowace sai an sauko, a nuna fasfo da katin rigakafin shawara, a buɗe jaka. A ta biyu ne wani jami'i ya zaro gwangwanin Goggo, ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, ya ga gari ruwan ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi tambaya da Faransanci. Wata Hajiya 'yar kasuwa da muke mota ɗaya, wadda ta san hanyar kamar tafin hannunta, ta ce, "Malam, cewa ya yi mene ne wannan."

Maimakon in ba da amsa, sai malantar ta motsa. Na ce ta gaya masa cewa a jikin ɗan Adam akwai wani ɗan saƙo, na bi ta kan makarɓi mai ratsa fata sau bakwai, na shiga GDP da GTP, har ina zane a iska da yatsa. Fasinjoji suna tsaye a rana suna jira. Da na kai aya, Hajiya ta juya ta faɗa wa jami'in kalma huɗu ko biyar.

Na ce, "Hajiya, me kika ce masa?"

"Na ce maganin ciwon kai ne."

Jami'in ya miƙo mini gwangwanin, ya nuna bakina. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Don in nuna ba ni da abin ɓoyewa, na dumbuza da yatsu uku na watsa a baki. Ban taɓa shan garin nan tsagwaronsa ba, a kunu Goggo take sawa. Ɗacinsa ya wuce maɗaci. Hawaye suka zubo, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa a gaban hukuma. Gyang ya matso a hankali, ya zaro takardar gayyatarmu daga aljihunsa, wadda a cikinta aka rubuta ƙarara cewa muna ɗauke da garin itace don gwaji. Jami'in ya karanta, ya ɗaure ledar da kansa, ya sallame mu yana danne dariya.

A mota Gyang ya ce, "Malam, ɗaci ma ba ta furotin G harshe yake jin shi ba?"

Na ce haka ne.

"To naka yana aiki."

Tsakanin Lome da Akra sau biyu na roƙi direba ya tsaya, na ruga daji da butar Hajiya. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a kan ƙarfin garin nan tun daga nan. Ni kuwa ruwan leda na ɗora wa laifi.

A Kumasi an sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai, gado mai hawa biyu. Na ce Gyang ya girme ni, ya ɗauki ƙasa. Mako biyu ina hawa tsani da tumbina, gadon yana kuka kamar ana yanka shi. Abinci kuwa, ranar farko aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Na ci na ji daɗi, sai dai na ce wa mai rabon abincin tuwon ya kwana, ya fara lalacewa. Ta ce haka ake yinsa, kwana da kwanaki ake jiƙa shi da gangan. Sakwararsu kuma ba a taunawa, haɗiya ake yi, duk wanda ya ga muƙamuƙina na motsi ya san baƙo ne. Abin da ya fi zama mini gida shi ne shinkafa da wake da suke ci da safe, sunan abincin ma daga kalmarmu ta "wake" suka ara, suka ɗan lanƙwasa shi.

Ranar Juma'a na nemi zango, unguwar Hausawa, na yi salla. Hausa ake yi ko'ina, amma irin wadda ba ruwanta da "ya" da "ta". Na dage ina zuba musu daidaitacciya, suna cewa in maimaita. Da Gyang ya zo ɗaukata, ya buɗe baki da Hausarsa ta kasuwar Jos, sai ga su suna tafawa kamar 'yan uwa. Wani tsoho ya tambaye ni ko shi ne Bahaushen, ni na koya.

Washegari Asabar muka fita zaga gari, muka tarar da rumfuna, ana kiɗa, ana rawa, ga wani ƙaton hoton dattijo yana murmushi, jama'a sanye da ja da baƙi. Aka yi mana maraba, aka nuna mana mu bi layi muna gaisawa daga dama zuwa hagu. Na kama hannun wata mata da ke tsakiya na ce da Turanci ina taya ta murna, Allah ya ba da zaman lafiya. Gyang ya taka mini ƙafa. Jana'iza ce, matar kuwa ita ce mai takaba. A wurinmu kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, masu zaman makoki suna magana ƙasa-ƙasa. Su kuwa sai su ajiye gawa makonni, su tara dangi, su raka ta da ganga. Matar ta ce ba komai, marigayin ma mai son raha ne.

Shugabar horon wata mata ce 'yar siririya, Dakta Afuwa. Na ce mata a harshenmu sunanta yana nufin yafiya. Ta ce a nasu yana nufin wadda aka haifa ranar Juma'a. Na ce ashe Jummai ce. Ta yi murmushi, ta miƙo mini fifet, wato ɗan bututun da ake ɗibar ruwa ɗigo-ɗigo da shi, ta ce in auna mata ruwa sau goma daidai wa daida. Goman nan babu biyu da suka zo ɗaya. Na Gyang kuwa kamar injin ne ya auna. Mutumin da shekara goma nake aika shi ya ɗauko mini alli, shi aka sa ya riƙe mini hannu.

A rana ta huɗu da fara horon na ga abin da ya kawo ni. An shuka ƙwayoyin halitta a ƙananan faranti, kowace ɗauke da makarɓin Sinadarin P, an shayar da su wani rini da ke haske kore idan kalsiyam ya ƙaru. Dakta Afuwa ta ja labule, ta zaunar da ni gaban madubin duba ƙananan halittu, ta ce in ɗiga sinadarin. Na ɗiga. Daƙiƙa kaɗan sai ƙwayoyin suka kama, ɗaya bayan ɗaya, har farantin ya cika da kore, sannan a hankali suka dushe. Na san kowane mataki da ya faru tsakanin ɗigon nan da hasken nan, na san wanda ya saki me ya ɗauki me, amma ban taɓa yarda da shi har cikin raina ba sai ranar. Na daɗe ban ɗago kai ba. Ta ce in sake ɗigawa nan take. Na sake, hasken bai kai rabin na farko ba. Ta ce makarɓan sun gaji da kira, ƙwayar ta ja wasunsu ciki ta ɓoye, sai an ba su lokaci. Wannan ma yana cikin littafina, a shafin da nake tsallakewa saboda ba ya zanuwa da kyau.

A mako na biyu aka zo kan abin da kowa ya kawo. Muka jiƙa garin Goggo, muka tace. Gyang ya ce mu fara da kaɗan. Na ce ai magani sai ya ji, na zuba mai kauri. Tsarin shi ne a sa maganin tukuna, a jira, sannan a ɗiga Sinadarin P. In maganin ya toshe makarɓin, ba za a ga haske ba.

Na ɗiga. Babu haske. Na sake a wani faranti, duhu. Na uku ma haka.

Dakta Afuwa tana wani ɗaki a lokacin. Ban jira ta ba. Na fita waje na kira uwargida na ce mata an dace, amma kada ta gaya wa kowa. Duk wanda ya san Daɗin Kowa ya san ma'anar wannan. A wurin cin abincin rana na miƙe na sanar da mahalarta, aka tafa mini, wani malami daga Kamaru ya ce in tuna da shi in na shiga daula. Gyang yana gefe yana cin shinkafarsa.

Bayan azahar Dakta Afuwa ta zo ta duba hotunan. Ta ce, "Da kyau. Ka gwada su da wani abin daban, wanda ba ya bi ta wannan makarɓin?"

Na ce ban ga amfanin hakan ba.

Ta ɗauko wani sinadari da ke sa kowace ƙwaya mai rai ta yi haske, ko da makarɓi ko babu, ta ɗiga a farantina. Duhu. Ta kunna farar fitilar madubin ta ce in leƙa. Ƙwayoyin da da safe suke shimfiɗe a gindin faranti sun tattare, sun fashe, suna yawo a ruwa kamar dusa.

"Malam Sabi'u," in ji ta, "gawa ba ta amsa sallama. Ba makarɓin ka toshe ba, masu gidan ka kashe."

Gyang ya ce a hankali, da Hausa, "Na ga ruwan yana kumfa tun da safe. Na so in yi magana, ka riga ka fita da waya."

Kwana biyu muka yi muna tsarma maganin, Gyang na aunawa, ni ina rubutawa. Da muka kai inda ƙwayoyin ke rayuwa lafiya, muka ɗiga Sinadarin P, sai suka haska tar, kamar ba a sa musu komai ba. Garin Goggo bai san makarɓin nan ba, makarɓin bai san shi ba. Dakta Afuwa ta ce kada in wuce gona da iri ta ɗaya gefen kuma: abin da ya fasa ƙwaya tsirara a faranti ba lallai ya yi wa mutum haka ba, sabulu ma yana fasa su. Amma abu ne mai ƙarfi, ya kamata a san iyakarsa.

Ranar rufewa kowa zai yi bayanin minti biyar. Na roƙe ta a tsallake ni. Ta ce a'a, nawa ne ma ya fi amfani. Haka na tsaya gaban mutanen da suka tafa mini, na haska hoton matattun ƙwayoyi, na faɗi yadda aka yi. Aka yi dariya, ni ma na yi, don babu wata mafita. Bayan an tashi mutum uku suka same ni a gefe, kowa ya ce shi ma ya taɓa yin irinta, bai dai sanar a wurin cin abinci ba.

A jirgi muka dawo. Kunya ta cinye tsoron.

Kwana uku ina Jos ban taka Gangare ba. A na huɗu na je bayan la'asar, na tarar da Goggo a tsakar gida tana tsince shinkafa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi Gyang da iyalinsa. Sannan ta ajiye faifan.

"Matarka ta aiko an ce an dace. Da na ga kwana uku ba ka zo ba, na san da saura."

Na gaya mata duka, ban rage ba. Na ce mata ƙwayoyin jiki suna da ƙofofi da saƙo ke tsayawa a bakinsu, na gwada garinta a ƙofar da nake zato, bai taɓa ta ba, kuma da na zuba da yawa ƙwayoyin sun mutu.

"Nawa ka zuba?"

Na nuna mata da hannu.

Ta daɗe tana kallona. "A ruwa ɗan wannan? Ni da nake sa bakin cokali a kofin kunu, bayan an ci abinci? Kai da ka tashi a gidan nan."

Na sunkuyar da kai. Ta ce daga yau ba za ta ƙara ba mai ciki ko yaro ba, kuma duk wadda kanta ya wuce kwana uku yana ciwo asibiti za ta tura ta, har sai an san inda garin yake bi. Na ce hakan ya yi daidai.

"Ƙofofin nan da kake faɗa, guda nawa ne a jikin mutum?"

"Ɗaruruwa ne, Goggo."

"Ka gwada nawa?"

"Ɗaya."

Ta miƙe da kyar, tana dafa gwiwa, ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe kwalla. Ta fito da garin a ƙulle, ta wuce ni, ta ajiye shi a kan kujera.

"Wannan na Gyang ne," in ji ta. "Ka kai masa ya gwada sauran ƙofofin. Kai ka riƙa rubutawa."